Darasi na 9: Ziyarar Fadar Alhamra da Tarihinta

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda fadar Alhamra take, da waɗanda suka gina ta, da zamanin da aka gina ta;
2. bayyana aikin ganuwa da hasumiya da ƙofa wajen tsare fada;
3. bayyana yadda aka kai ruwa bisa tudu ba tare da inji ba;
4. lissafa shekarun da ke tsakanin aukuwa biyu, da gane ƙarnin da shekara ta faɗa;
5. shirya ziyara zuwa wurin tarihi, na nesa ko na kusa.

1. Ina Alhamra take?

A kudancin ƙasar Sifaniya, a nahiyar Turai, akwai birnin da malamanmu ke kira Garnaɗa. A taswira za ku ga an rubuta shi Granada. Birnin yana gindin wasu manyan duwatsu waɗanda dusar ƙanƙara ke rufe kawunansu watanni da yawa a shekara. A gefensa akwai wani dogon tudu mai suna Sabika, ƙoramar Daro tana bi ta gindinsa daga arewa. A bisa wannan tudu Alhamra take zaune. Sunan na Larabci ne, yana nufin "ja", kuma duk wanda ya hango bangonta da la'asar zai ga jan. A allunan hanya da tikiti ana rubuta sunan Alhambra.

Kada ku ɗauke ta gida guda. Ƙaramin gari ce a cikin ganuwa. Akwai barikin soja, da fadojin sarakuna, da masallaci, da gidajen wanka, da gidajen barori da masu sana'a, da wurin jima, da lambuna, har da maƙabartar sarakuna. Tsawonta kimanin mita 740 ne, faɗinta kuma, a inda ta fi faɗi, mita 205.

Misali na 1. Babban filin ƙwallon ƙafa yana da tsawon mita 105. In muka raba 740 da 105, za mu sami 7 da ɗan ragowa. Ke nan tafiya daga wannan ƙarshen Alhamra zuwa wancan daidai take da ratsa filin ƙwallo bakwai a jere. Ga manomi kuma: girman wurin murabba'in mita 142,000 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. 142,000 ÷ 10,000 = 14.2, wato hekta 14 da 'yan kai.

2. Waɗanda suka gina ta

A shekarar 711 rundunar Musulmi, ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad, ta ƙetare teku daga Arewacin Afirka ta shiga ƙasar da Larabawa suka kira Andalus. Mulkin Musulmi ya yi ƙarfi ƙwarai a birnin Kurɗuba, inda Abdurrahman na Uku ya zama halifa a 929. A 1031 halifancin ya wargaje, ƙasa ta rarrabu, kowane gari da sarkinsa. Sarakunan Kirista na arewa kuwa sai ƙara matsowa kudu suke yi. Kurɗuba ta faɗa hannunsu a 1236, birnin Ishbiliya ya bi bayanta a 1248.

Ana cikin wannan hali ne wani shugaba, Muhammadu ɗan Ahmar na gidan Banu Nasr, ya kafa mulkinsa a Garnaɗa. A 1238 ya sa aka fara gini a kan tudun Sabika, inda dā ma akwai kufan wata tsohuwar ganuwa. Mutum ne da ya san iyakar ƙarfinsa. A 1246 ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Kirista na ƙasar Kastila, Fernando na Uku, ya yarda zai riƙa biyan gandu kowace shekara, a bar masa ƙasarsa. Akwai masu ganin wannan ƙasƙanci ne. Ni a ganina dabara ce ta mai talakawa a wuyansa, domin ita ta ba jama'arsa damar yin noma da saƙar siliki da karatu, alhali manyan biranen da suka fi Garnaɗa ƙarfi sun riga sun tafi. Magadansa ma haka suka riƙa yi: yau su biya gandu, gobe su yi yaƙi, jibi su nemi taimakon sarakunan Fas na Maroko.

> AKWATIN KALMOMI
> Ganuwa: babban bango mai kauri da ake kewaye gari ko fada da shi don tsaro.
> Hasumiya: dogon gini da masu gadi ke hawa don hangen nesa.
> Gandu: dukiyar da ƙaramar sarauta ke biya wa wadda ta fi ta ƙarfi don a zauna lafiya.
> Ƙarni: shekara 100.

Misali na 2. Wanda aka haifa a 1980, a 2025 shekarunsa 45, domin 2025 − 1980 = 45. Haka ake lissafin tarihi. An fara ginin Alhamra a 1238, an miƙa ta a 1492. 1492 − 1238 = 254. Shekara 254 ke nan gidan Banu Nasr suka yi a cikinta. Don gane ƙarni kuwa, rufe lambobi biyu na ƙarshen shekarar da yatsa, ka ƙara 1 a kan abin da ya rage. A 1238, 12 ya rage; 12 + 1 = 13, wato ƙarni na 13. In shekarar ta ƙare da sifili biyu, kamar 1500, ba a ƙara komai: ƙarni na 15 ne.

3. Yadda aka tsare ta

Mai ziyara in ya isa gindin tudun, ya fara tambayar kansa: da ni abokin gaba ne, ta ina zan shiga? Wannan tambaya za ta sa ya lura da abubuwan da mai kallon ado kaɗai ke wucewa.

Tudun kansa shi ne tsaro na farko. Ta arewa gangare ne mai tsayi har zuwa ƙorama, doki ba ya hawansa. A bakin tudun ta yamma, daidai inda ya fuskanci birni, aka kafa barikin soja da ake kira Alƙasaba, kuma shi ne sashe mafi tsufa. Babbar hasumiyarsa ta kai wajen mita 27. In kun hau kanta za ku ga birni duka a ƙasanku, da shimfiɗaɗɗiyar fadama mai gonaki a bayansa. A kan tuddan nesa akwai ƙananan hasumiyoyin gadi, waɗanda ke aiko da labari da hayaƙi da rana, da wuta da dare. A tsakar barikin har yanzu ana ganin harsashin ƙananan ɗakunan sojoji, da wurin wankansu, da matattarar ruwa. Akwai kuma ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki, inda ake ajiye hatsi, wani lokaci kuma fursunoni.

Ganuwar, yawancinta da ƙasa aka yi ta, kuma a nan nake so magina su saurara da kyau. Mu tubali muka saba jerawa mu yaɓe. Su kuwa sai su kafa alluna biyu na katako suna fuskantar juna, su zuba jar ƙasa da tsakuwa da farar ƙasa a tsakani, su yi ta dandaƙa da madaɓi har ta ƙanƙame. Sa'an nan su cire allunan su ɗaga su sama, su sake zubawa. Daɓe ne a tsaye. In kun matsa kusa da wasu sassan bangon za ku ga ƙananan ramuka a jere. Gurbin sandunan da suka riƙe allunan ne. Irin wannan bango in ya bushe yana da taurin gaske, amma in ruwa ya sami hanyar shiga cikinsa sai ya fara zaizayewa, saboda haka kullum yana son ido.

Sai ƙofa. Ita ce raunin kowace ganuwa, don haka a kanta aka fi zuba tunani. Ƙofar da ta fi suna ita ce Ƙofar Shari'a, wadda Sarki Yusufu na Ɗaya ya gina a 1348. A goshin babban bakanta na waje an sassaƙa hoton tafin hannu, a kan na ciki kuma hoton mabuɗi. Tsakanin su biyun akwai wuri marar rufi, inda masu gadi na sama za su iya jefo duwatsu kan duk wanda ya tsaya yana dukan ƙyaure. Wanda ya wuce nan ma bai tsira ba, gama hanyar ciki ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana karyawa dama, ta karya hagu, tana hawa, ga duhu. Mahayi ba shi da filin sukuwa, masu ɗauke da gungumen fasa ƙofa ba su da wurin ja da baya su taho a guje.

Misali na 3. Ɗauki takarda ka zana gidan gargajiya na unguwarku. Ga ƙofar zaure a bakin titi. Ƙofar da ke fita daga zaure zuwa ciki ba ta kallon ta farko, tana gefe. In akwai shigifa, ita ma ƙofarta a karkace take. Ja layi daga titi zuwa tsakar gida: sau nawa layin ya karya? Kowace karyawa tana tare idon mai wucewa, tana rage saurin mai shigowa. A gidanku sutura ake nema da wannan tsari. A Ƙofar Shari'a tsaro ake nema da shi.

4. Ruwa a bisa tudu

Tudu yana ba da tsaro, amma yana nisanta mutum da ruwa. Fadar da ba ta da ruwa kuwa, ba sai an fasa ganuwarta ba. Abokan gaba su zauna a ƙofa kawai, ƙishirwa za ta yi musu aiki. Muhammadu ɗan Ahmar ya san haka, shi ya sa aikin ruwa yana cikin abubuwan da ya fara.

Ƙoramar Daro tana can ƙasa, nesa da kan tudun, kuma ruwa ba ya hawa da kansa. Sai masanansa suka bi ƙoramar sama, wajen duwatsu, kimanin kilomita 6, har suka kai inda ƙoramar ta fi fadar bisa. A nan suka yi madatsa, suka haƙa magudana a jikin tsauni, tana gangarowa a hankali. Ana kiranta Magudanar Sarki. Tana fara shayar da lambunan Heneralife, gidan hutun sarakuna da ke bayan ganuwa, sa'an nan ta haye wani kwazazzabo a kan gada, ta shiga Alhamra ta gabas. Daga nan bututun yumɓu da ƙananan magudanai ke rarraba ruwan zuwa masallaci, da gidajen wanka, da matattarai, da tsakar gidaje. Babu famfo, babu inji. Nauyin ruwan da gangaren ƙasa su ke yin aikin, dare da rana.

In an tambaye ni abin da ya fi burge ni a Alhamra, wannan magudana zan ambata kafin zinariyar rufi. Kuskuren ɗan taƙi wajen auna gangare zai sa ruwa ya tsaya ya ruɓe, ko ya yi gudun da zai cinye bakin magudanar.

Misali na 4. A ce mai lambu yana so ya jawo ruwa daga rafi zuwa lambunsa, nisan mita 200. A ce yana so magudanarsa ta sauka santimita 1 a kowace mita. 200 × 1 = santimita 200, wato mita 2. Tilas ne bakin da zai ɗebi ruwa ya fi lambun bisa da mita 2. In wurin da ya zaɓa bai kai ba, sai ya ƙara matsawa saman rafin.

> AKWATIN KALMOMI
> Madatsa: gini da ake tare ruwa da shi don a karkatar da shi.
> Magudana: hanyar da aka haƙa ko aka gina wa ruwa.
> Matattarar ruwa: ginannen rami mai rufi da ake adana ruwa a ciki.
> Ƙawanya: kewaye gari da mayaƙa a hana shiga da fita.

5. Cikin fadojin

Daga waje bango ne ja, ba ado ba ƙawa. Adon duk yana ciki. Sarakuna biyu ne suka gina mafi yawan abin da mutane ke zuwa kallo: Yusufu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, da ɗansa Muhammadu na Biyar, wanda ya rasu a 1391.

Ana fara shiga ta zauren da ake kira Mashwar, inda ake zaman shawara da sauraron ƙararraki. Daga nan sai Fadar Komares. A tsakar gidanta akwai dogon tafki mai tsawon mita 34, an dasa wani ɗan itace mai ƙamshi a gefensa biyu. Ku duba yadda ruwa ke shiga tafkin: daga wani ɗan kasko na dutse da ke daf da ƙasa yake malalowa, a hankali ƙwarai, har fuskar tafkin ba ta motsi. Saboda haka hasumiyar Komares, mai tsawon mita 45, take bayyana a cikin ruwan daga sama har ƙasa.

A cikin wannan hasumiya zauren karɓar jakadu yake. Bangonsa yana da kauri har an fafe ƙananan ɗakuna 9 a jikinsa, kowanne da taga. Sarki yana zama a na tsakiya, mai fuskantar ƙofa, haske yana shigowa ta bayansa. Jakadan da ya fito daga hasken tsakar gida ya shigo inuwa, sai ya ɗan jima kafin idonsa ya iya rarrabe fuskar Sarki, alhali Sarki ya riga ya gama kallonsa. In ya ɗaga kai, zai ga rufin katako da aka harhaɗa da ƙananan yanka fiye da 8,000, an tsara su taurari hawa-hawa don tuna sammai bakwai. A ƙarƙashin rufin an rubuta Suratul Mulk, wadda muke kira Tabaraka.

Kusa da nan Tsakar Gidan Zakuna take, aikin Muhammadu na Biyar. Zakuna 12 na farin dutse suna tsaye a da'ira, babban kwano a bayansu, ruwa yana fita daga bakin kowanne. Magudanai 4 sun haɗa tsakiyar da ɗakunan da ke ɓangarori huɗu. Siraran ginshiƙai 124 ne ke riƙe da barandar da ta kewaye wurin. A ɗakunan gefe akwai tulluwa da aka yi da dubban ƙananan gurabe na filasta, suna rataye kamar saƙar zuma.

Ku lura da kayan aikin: filasta ce ta farin gari, dangin wadda masu yin silin ke kwaɓawa a yau, sai katako, da jan bulo, da tayil mai launi. Ba kaya ne masu tsada ba. Gwanintar hannu ce ta ɗaukaka su, ta masassaƙa da magina da masu zane. Rubutu kuma ya cika bango: ayoyin Alƙur'ani, da waƙoƙin wazirai irin su Ibn Jayyab da Ibn Zamrak, da taken gidan sarautar wanda ke cewa babu mai rinjaye sai Allah. An maimaita taken nan ba adadi. Wanda ya yi karatun allo zai iya tsintar kalmomi da dama da idonsa, abin da yawancin baƙi ba sa iyawa sai an fassara musu.

6. Yadda ta fita daga hannun Banu Nasr

Babu rundunar Kirista da ta taɓa fasa ganuwar Alhamra ta shiga da ƙarfi. Barazanar da ta fi cin sarakunanta daga cikin gida take fitowa. Wani ɗan uwansa ne ya kashe Sarki Isma'ila na Ɗaya a 1325. An kashe Yusufu na Ɗaya yana sallar Idi ƙarama a 1354. An tumɓuke Muhammadu na Biyar a 1359, ya yi gudun hijira zuwa Fas, bai dawo gadonsa ba sai a 1362.

A ɗaya gefen kuwa, abokan hamayya haɗuwa suke yi. A 1469 Isabela ta Kastila ta auri Fernando na Aragon, manyan ƙasashe biyu suka zama tsintsiya ɗaya. Yaƙi ya ɓarke a 1482. A daidai lokacin da ya kamata Garnaɗa ta dunƙule, sai gidan sarauta ya rabu uku: Sarki Abul Hasan Ali, da ƙanensa Zagal, da ɗan Sarkin, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil. A 1483 aka kama Abu Abdullahi a fagen yaƙi. Fernando bai riƙe shi ba. Ya sake shi bisa sharaɗi, don ya koma ya ci gaba da faɗa da ubansa da baffansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Birnin Malaga, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, ya faɗi a 1487, bayan an yi masa ruwan igwa. Almeriya ta bi a 1489. A 1491 aka yi wa Garnaɗa ƙawanya, aka ƙone gonakin fadama, abinci ya yanke.

Ranar 25 ga Nuwamba 1491 aka sa hannu a yarjejeniya, ranar 2 ga Janairu 1492, wato shekarar Hijira 897, Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan Alhamra. Daga baya ya ƙetare teku zuwa Fas. Yarjejeniyar ta yi wa Musulmi alkawarin riƙe addininsu da masallatansu da dukiyarsu da alƙalansu. Ba a cika alkawarin ba. Daga 1499 aka fara tilasta musu shiga Kiristanci, kuma tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu daga ƙasar. Yahudawa ma ba su tsira ba: a Alhamra ɗin aka sa hannu a dokar korarsu ranar 31 ga Maris 1492. Wannan zalunci ne, kuma littattafan tarihi na Sifaniya a yau ba sa ɓoye shi.

7. Lalacewa da gyara

Sababbin masu mulki ba su rushe fadojin ba, sun mai da su gidan sarautarsu. A 1527 Sarki Karlos na Biyar ya sa aka fara wata ƙatuwar fada ta dutse a tsakiyar wurin, mai kusurwa huɗu daga waje, da'ira daga ciki. An gina coci a gurbin masallaci. Sannu a hankali aka yi watsi da wurin, rufi ya fara yoyo, marasa gida suka tare a ɗakunan. Sojojin Napoliyon na Faransa sun zauna a ciki daga 1810, da za su fita a 1812 suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi.

Wani marubuci ɗan Amurka, Washington Irving, ya zauna a fadar a 1829, littafin da ya rubuta a kanta ya jawo hankalin duniya. A 1870 gwamnati ta sa Alhamra cikin kayan tarihi na ƙasa. Daga 1923 zuwa 1936 wani masanin gini, Leopoldo Torres Balbás, ya jagoranci gyara bisa ƙa'ida: a ƙarfafa abin da ya rage, kada a ƙirƙiro adon da babu shaidarsa. A 1984 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Gyaran bai tsaya ba. An ɗauke zakunan nan an wanke su an gyara, aka mai da su mazauninsu a 2012. Yanzu fiye da mutum miliyan 2 ke zuwa kallonta kowace shekara.

> AKWATIN KALMOMI
> Yarjejeniya: alkawarin da ɓangarori biyu suka amince da shi suka sa hannu.
> Kayan tarihi: gini ko abin da mutanen dā suka bari, wanda ake kiyayewa don na baya.
> Adanawa: gyara tsohon abu yadda zai daɗe ba tare da an sauya kamanninsa ba.

8. Garnaɗa da ƙasashenmu

Garnaɗa ba ta yi mana nisa kamar yadda taswira ke nunawa ba. Abu Ishaƙ as-Sahili, malami kuma mawaƙi ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa, Sarkin Mali, a Makka a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu. Matafiyi Ibn Baɗuɗa ya ziyarci Garnaɗa kafin ya ƙetare Sahara a 1352, kuma ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Wanda ya rubuta masa labarin, Ibn Juzai, mutumin Garnaɗa ne. Hasan al-Wazzan, wanda aka haifa a Garnaɗa ya girma a Fas, ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara a littafinsa da aka buga a 1550. A shekarar da aka miƙa Alhamra, Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yau.

Mu ma muna da fadoji da ganuwoyi na ƙasa: a Kano, da Zariya, da Katsina, da Damagaram, da Agadas wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin jerinta a 2013. Abin baƙin ciki, a wurare da dama ana ɗibar ƙasar ganuwa ana yin bulo, ana zuba shara a gindinta, ana yanka ta filaye. Ƙasar da aka ɗiba daga ganuwa ba ta komawa.

9. Shirin ziyara

Mai zuwa Alhamra daga Nijeriya ko Nijar yana bukatar fasfo da biza. Tikitin shiga gara a saya ta intanet tun da wuri, domin yakan ƙare. Ana rubuta sunan mai shi a jiki, kuma ana duba fasfo a ƙofa. Sashen fadojin Banu Nasr yana da ƙayyadadden lokaci da aka buga a tikiti. Wanda ya makara ya yi asara. An yi haka ne don cunkoso yana lalata filasta da daɓe. Kallon wurin duka yana cin wajen awa 3, akwai hawa da sauka, saboda haka a sa takalmi mai daɗin tafiya, a riƙe ruwan sha. Ba a taɓa bango da hannu, ba a jingina da ginshiƙi.

Misali na 5. A ce tikitinki ya nuna ƙarfe 11:30. A ce layin ƙofa zai ci minti 15, tafiya daga ƙofa zuwa fadojin minti 20, kina kuma son rarar minti 15. 15 + 20 + 15 = 50. Cire minti 50 daga 11:30, ya zama 10:40. Ƙarfe 10:40 ya kamata ki isa ƙofa.

Wanda zai ziyarci fadar garinsu kuwa, ya fara neman izini ta hannun mai unguwa ko wani bafade, ya yi shiga ta mutunci, ya cire takalmi inda ake cirewa, kada ya ɗauki hoto sai an yarda masa.

Tambayoyin bita

1. A wace ƙasa da wane birni Alhamra take? Wa ya fara gina ta, a wace shekara?
2. Mene ne gandu? Me ya sa Muhammadu ɗan Ahmar ya yarda ya biya shi? Kana ganin ya yi daidai? Kawo dalili.
3. Bayyana yadda aka gina bangon Alhamra, ka faɗi inda ya bambanta da ginin tubali.
4. Kawo dabaru biyu da aka yi a Ƙofar Shari'a don tare abokan gaba.
5. Me ya sa aka yi madatsa can sama da fadar, ba a gindin tudun ba?
6. Shekara nawa ne tsakanin 711 da 1492? A wane ƙarni 1348 ta faɗa? 1812 fa?
7. Mai lambu yana da nisan mita 350 daga rafi, yana son saukar santimita 1 a kowace mita. Da mita nawa bakin magudanarsa zai fi lambun bisa?
8. Tun da ba a fasa ganuwar Alhamra ba, me ya jawo aka miƙa ta?
9. Ambaci mutum biyu da suka haɗa tarihin Garnaɗa da na Afirka ta Yamma.

Aikin gida: Ku haɗu uku-uku ku je fada, ko ƙofar gari, ko ragowar ganuwa mafi kusa da ku. Ku tambayi dattawan wurin wanda ya gina ta, da inda mutanen ciki ke samun ruwa a dā, da wanda ke gyara ta yanzu. Ku rubuta amsoshin cikin layi 10, ku kawo aji mako mai zuwa.